Tabarma, haske da turare: abin da za a saya don keɓe wurin yoga

A Indiya, inda yoga, wato atisayen motsa jiki da numfashi don samun natsuwa, ta samo asali, masu yin ta a gida kan ware kusurwa guda, su share ta, su kunna 'yar fitilar mai, da yawa kuma su fuskanci gabas da sassafe. Kwarjinin wurin yana zuwa ne daga keɓe shi da rashin abin da zai katse natsuwa. Babu kuwa abin da ke katse ta kamar tabarmar da ke zamewa, don haka can ya kamata kuɗi su fara tafiya.

Tabarmar PVC, wani nau'in filastik, ta fi yawa a kasuwa, tana kuma daɗewa, sai dai sabuwarta na da santsi. A goge ta da ruwa da ɗan sabulu kafin a fara. Ta TPE, wani haɗin filastik mai taushi kamar roba, ba nauyi, amma tana saurin ɓarɓashewa daidai inda ƙafa ke dannawa. Ta ɗanyen roba ta fi kowace riƙe tafin hannu. Aibinta nauyi, wajen kilo 2 zuwa 3, da wari a makonnin farko, kuma rana na busar da ita har ta tsattsage, kada a shanya ta a tsakar gida. Wanda fatarsa ba ta jituwa da roba ya haƙura da ita. Mai yawan gumi ya nemi dardumar auduga irin ta birnin Mysore na Indiya, ya shimfiɗa a kan tabarmar ya ɗan yayyafa wa dardumar ruwa, domin jiƙa ke sa ta riƙo.

Kauri milimita 4 zuwa 5 ya wadatar. Masu kaurin milimita 10 suna da daɗin gwiwa, amma ƙafa na nutsewa ciki, tsayuwa da ƙafa ɗaya ta gagara, wuyan hannu ya sha wuya. Tsawon da aka saba santimita 173 ne, faɗi 61; dogo ya sayi mai 183.

Kwan lantarki mai lambar launin haske 2700K, mai ruwan ɗorawa, ya fi farin 6500K da ke mai da ɗaki ofis.

Turare kuwa, na tsinke ko na wuta a kasko, a kunna shi tun kafin a fara, a kashe, a buɗe taga. Atisayen numfashi na jan hayaƙi har cikin huhu, mai asma ma gara ya bar shi gaba ɗaya.