Firam ɗin da ke mayar da zarton inji injin tsaga katako: bayan na yi aiki da shi

Na ɗauki lokaci ina amfani da firam ɗin da ake ɗaura wa zarton inji domin tsaga gumagumai su zama katakai, irin wanda aka fi sani da sunan Alaskan, na kamfanin Granberg da ke Amurka, ko da yake a yanzu masu ƙera makamancinsa suna da yawa. Ƙirarsa ba ta da sarƙaƙiya. Sanduna ne na alminiyam da ƙarfe waɗanda ake matsewa a wurare biyu a jikin dogon farantin da sarƙar zarton take zagayawa, wanda zan kira takobi, sai firam ɗin ya riƙa zamewa a saman gungumen yayin da takobin yake yanka a kwance daga ƙasa. Tazarar da aka bari tsakaninsu ita ce kaurin katakon, kuma ana iya saita ta daga rabin inci zuwa wajen inci 13.

Abin da mai saye ya kamata ya fara ganewa shi ne, firam ɗin shi ne mafi sauƙi a cikin kayan aikin, kuma ba shi ne yake yanke hukunci kan nasara ba. Ƙarfin inji ne. Yanka itace ta tsawonsa ya fi datsa shi wuya nesa ba kusa ba, domin haƙoran sarƙa suna kankarar kan jijiyoyin itacen ne, kuma injin yana gudu da cikakken ƙarfinsa na mintoci masu yawa ba hutawa. A kan itace mai tauri irin su maɗaci da kirya, injin da bai kai cc 70 ba (cc shi ne ma'aunin girman inji) wahala kawai zai sha, kuma idan faɗin gungumen ya haura inci 24, gara a nemi mai cc 90 ko fiye, kamar Stihl MS 661 ko Husqvarna 395 XP. Haka kuma matsewar da ake yi a gindin takobi da bakinsa tana cinye inci 4 zuwa 6 na tsawonsa, saboda haka takobi mai inci 36 ba zai fitar da katako mai faɗin inci 36 ba.

Batun sarƙa ne na fi son a tsaya a kansa, domin a nan na yi kuskurena na farko. Na fara da sarƙar da nake datsa itace da ita, wadda aka wasa haƙoranta a kan kusurwar digiri 30, sai katakon ya fito da kaushi da gurabun haƙora masu zurfi, zarton kuma yana fizga a hannuna. Sarƙar tsagawa ana wasa ta a kan digiri 10 ne, kuma bambancin yana bayyana tun daga katako na farko, saboda tafiyar tana daidaita, fuskar katakon kuma tana yin sumul har gogewar da za a yi daga baya ta ragu. Itace mai tauri yana dakushe haƙora da wuri, musamman idan ƙasa ta maƙale a ɓawonsa, don haka nakan ɓare ɓawon ko in wanke shi, kuma magagari ba ya barin aljihuna. Da zarar garin da ke fitowa ya koma laushi sosai kuma sai na ƙara dannawa kafin zarton ya ci gaba, na san lokacin wasawa ya yi.

Yankan farko shi ne gwajin haƙurin mai aiki. Tun da saman gungume ba shimfiɗaɗɗe ba ne, dole a ɗaure masa tsani ko miƙaƙƙun sanduna, a daidaita su da kyau, domin duk karkatar da ta shiga wannan yanka za ta bi kowane katako har na ƙarshe. Yayin da ake tafiya kuma sai a riƙa cusa 'yan guntayen itace masu siffar bakin gatari a cikin tsagar, kada nauyin katakon ya danne takobin.

Babban aibin wannan hanya asarar itace ce. Kowane yanka yana mayar da kimanin milimita 9 gari, alhali injin tsaga mai siririn zarto kamar ɗamara kusan milimita 3 kawai yake ci. Ma'ana, wanda yake fitar da katakai masu kaurin inci ɗaya zai zubar da fiye da rubu'in gungumensa a ƙasa. Ga shan fetur da man sarƙa, ga ƙara da hayaƙi a kusa da fuska, waɗanda suka sa abin toshe kunne da tabarau da takunkumi suka zama tilas.

Duk da haka ban yi nadamar mallakarsa ba, saboda yana yin abin da babban inji ba ya iyawa, wato zuwa inda itacen ya faɗi. Gungumen da ya fi ƙarfin ɗauka nakan tsaga shi a wurin, in fitar da faffaɗan katakai masu kaurin inci 2 zuwa 3 na teburi ko ƙofa, inda asarar ba ta da yawa idan aka kwatanta da abin da aka samu. Daga nan sai a shafe bakunan katakan da fenti ko kaki don kada su tsage, a jera su a inuwa da siraran itatuwa a tsakani domin iska ta ratsa, a kuma jira kimanin shekara guda ga kowane inci na kauri kafin su bushe. Wanda yake neman siraran katakai masu yawa domin sayarwa, shawarata ita ce ya kai gumagumansa wurin masu babban inji.