Darussan Asabar a kan ECOWAS a Unguwar Rimi: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Asabar huɗu a jere na halarci darussan da wata cibiyar horaswa mai zaman kanta ta shirya a Unguwar Rimi, inda wani malamin kimiyyar siyasa da ya daɗe yana bincike a kan haɗewar ƙasashen Afirka ta Yamma yake bayyana yadda ECOWAS, ƙungiyar raya tattalin arziƙin ƙasashen yankin, ke tsara dokokinta, da dalilin da ya sa dokokin kan yi sanyi tun kafin su isa bakin iyaka. Kuɗin shiga naira 20,000 ne, har da takardun darasi da shayi. Yawancinmu 'yan kasuwa ne masu kai kaya Maraɗi ta Jibiya, sai ɗalibai kaɗan da wani dattijo, tsohon jami'in kwastan.

Tarihi aka fara da shi, kuma malamin bai ɓata lokaci a kai ba: yarjejeniyar Legas ta 28 ga Mayu, 1975, da ta kafa ƙungiyar, wadda Janar Gowon da Eyadema na Togo suka yi wa fafutuka, da gyaran da aka yi mata a Kwatano a 1993.

Darasi na biyu da na uku su ne suka biya ni kuɗina. Abin da malamin ya gina bincikensa a kai shi ne cewa ƙasashe sun yarda su miƙa wa ƙungiyar alƙalamin rubuta doka, amma kowacce ta riƙe sandar zartarwa a hannunta, kuma ya kafa hujja da kotun ƙungiyar da ke Abuja, wadda tun 2005 ɗan ƙasa ke iya shigar da ƙarar gwamnatinsa a gabanta kan tauye haƙƙi. A 2008 kotun ta kama jamhuriyar Nijar da laifin gaza kare Hadijatou Mani daga bauta, ta kuma sa a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A Oktoban 2016 kuwa ta umarci Najeriya ta saki Kanar Sambo Dasuki, amma bai shaƙi iskar 'yanci ba sai Disamban 2019. Kotu ɗaya ce ta yanke hukuncin biyu, sai dai ba ta da ɗan sanda ko ɗaya nata na kanta, don haka sai abin da gwamnatin da aka kayar ta ga damar yi.

Da ya zo kan rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ajin ya kaure da surutu, domin babu ɗan kasuwar da bai ji a jikinsa ba. Yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, ga kuma tsarin sassauta haraji a kan kayan da aka sarrafa a yankin, amma umarni ɗaya daga fadar shugaban ƙasa ya tsayar da tireloli. Ya kwatanta wannan da Tarayyar Turai, wadda ta faro daga haɗin gwiwar ƙasashe 6 a kan kwal da ƙarfe a 1951, inda alƙalin cikin gida kan fifita dokar tarayya idan ta ci karo da ta ƙasarsa. Ban taɓa jin wanda ya warware wannan bambanci da Hausa sarai kamar shi ba.

Asabar ta ƙarshe ce ta ba ni haushi. An fara a makare da kusan awa guda, sannan ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025, ta samu minti kaɗan kawai, alhali ita ce ta kawo da yawa daga cikinmu. Wani Alhaji daga Kasuwar Barci ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, yanzu fasfona da kayana fa?" Malamin ya ce ƙungiyar ta sanar da ci gaba da karɓar fasfo da kayan ƙasashen uku har zuwa wani lokaci, ya koma kan nazarinsa. Dattijon nan na kwastan ne ya tsaya da mu a bakin ƙofa yana bayanin takardar shaidar asalin kaya da inda ake neman ta.

Takardun darasin ma da Turanci zalla aka buga su, duk da cewa da Hausa ake koyarwa, abin da ya sa wasu suka naɗe su suka cusa a aljihu. Ɗalibi da ɗan jarida za su ƙaru sosai. Ɗan kasuwa kuwa ya rubuto tambayoyinsa tun daga gida, ya miƙa su a Asabar ta farko, kuma ya nemi kujerar gaba, domin ƙarar janareta na hana na baya jin rabin maganar.