Na'urar SEM ta kan tebur: rodin da ya karye ne ya sa na yarda da ita

Ranar da aka sauke na'urar SEM ɗin, wato madubin ƙara girman abu mai aiki da ilektron maimakon haske, a ɗakin gwajinmu, raina ta na yi. Ba ta kai ƙaramin firji ba, alhali SEM ɗin da na sani a jami'a ɗaki guda take cinyewa.

Sai wani ɗan kwangila ya kawo rodi mai milimita 12 da ya karye ana lanƙwasa shi. Shi yana rantsuwa ƙarfen ne ba kyau, mai sayarwa yana cewa yaran aikin ne ba su iya ba. Na yanko bakin karayar, na wanke da asiton, na manna da tef ɗin kabon. Cikin 'yan mintuna na'urar ta zuƙe iskar da ke cikinta, hoto ya fito. A kilovolt 15, girma sau 2,000, sai ga fuskar karayar sumul, fale-fale kamar fasasshen gilashi. Ƙarfe mai kyau kuwa sai ya miƙe kafin ya tsinke, ya bar ƙananan ramuka birjik kamar saƙar zuma. A gefe, daidai inda tsagar ta fara, ga wani ɗan dunƙule baƙi. Na saita EDS, wato sashen na'urar da ke faɗin sinadaran da ke cikin abu, a kansa: silikon, kalsiyam, alminiyam da oksijin. Dattin narki ne da ba a tace ba tun a masana'anta. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na kira mutanen biyu suka gani da idonsu, gardamar sati guda ta mutu kafin la'asar. A da sai mun aika wani gari mu yi ta jiran layi.

Amma dillalin da ya sayar mana ya ɓata min rai, har yanzu abin yana ci na. Bai ce komai ba kan samfurin da wuta ba ta bi ta cikinsa. Na sa garin siminti, hoton ya yi ta ƙyalli yana gocewa, ashe sai an shafe shi da zinare, injin shafawar kuma kuɗinsa daban. Da zaren tungsten ɗin da ke fitar da ilektron a cikin na'urar ya ƙone, sati bakwai muna kiran waya kafin sabo ya iso, na'ura tana zaune. Kuma kada wani ya ce maka EDS za ta ba ka ainihin adadin kabon na ƙarfe, ba aikinta ba ne.

Na'urar ina son ta, dillalin ne ba zan koma wurinsa ba. Mai niyyar saye ya sa zaruruwa na ajiya da UPS mai riƙe wuta idan an ɗauke cikin cinikin tun farko, ya kuma rufe tagogi da hunturu, don ƙura na shiga ɗakin samfur.