Yankari, Tiga ko Argungu: Ina Za Ka Kai Iyali Hutun Bakin Ruwa?

Kafin ka tura wa kowane masauki kuɗin kafin alƙalami, duba watan da kake ciki. Wurin da ya yi daɗi da sanyin hunturu yana iya zama azaba da bazara, kuma hoton da aka ɗora a Facebook ba ya nuna sauro.

Idan kwana biyu ko uku za a yi, ni dai Yankari nake sa wa a gaba. Dajin yana ƙaramar hukumar Alƙaleri a jihar Bauchi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma tun 1962 aka buɗe shi ga masu ziyara. Ɗakunan kwana suna sansanin Wikki, ana gangarawa ta matakala zuwa ruwan ɗumin nan da ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutse. Zafinsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina, ga shi garai-garai har kana hango yashin ƙasa. Yara sukan ƙi fita sai an yi da gaske. Mai son ganin giwa da ɓauna da gwanki ya je tsakanin Janairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, dabbobi suka koma shan ruwa a kogin Gaji. Da damina daji ya rufe, sai ka biya kuɗin motar zagaye ka dawo da labarin tsuntsaye kawai.

Sai dai fa birai. Gwaggon birin Wikki ya san leda, ya san kular abinci, ya kuma san ɗakin da ba a murɗa wa makulli ba. Duk wanda ya fito riƙe da burodi a hannu ya yi sadaka. Sannan a yi lissafi da kyau, domin kuɗin shiga daban, na ɗaki daban, na zagaya daji daban.

Tiga kuwa ta mutanen Kano ce masu ƙarancin lokaci. Madatsar ruwa ce da aka gina kan kogin Kano zamanin Audu Bako, aka gama a 1974, kuma tafiyar da wuya ta kai awa biyu daga birni. Akwai iska, akwai duwatsu, akwai ɗanyen kifi daga hannun masunta. Ta fi dacewa da a je da safe a dawo da la'asar. In kwana za ka yi, tura wani ya gano maka ɗakin da idonsa tukuna. Kada a bar yara su yi wanka a gefen da ruwa ya kwanta, nan ake ɗaukar tsargiya, kuma kada kowa ya hau kwale-kwalen da ba shi da rigar kariya daga nutsewa.

Argungu iri biyu ce. Makon bikin kamun kifi a kogin Matan Fada, wanda aka faro a 1934, gari ya cika maƙil, ɗaki ya yi tsada, ganguna har dare. Wannan kallo ne, ba hutu ba. Bayan taro ya watse kuma sai ka samu gari shiru, ka zaga gidan tarihin Kanta, ka zauna bakin kogi da yamma. Nisa ne kawai matsalarta ga mai tasowa daga Kano ko Kaduna, amma ga ɗan Sakkwato ko Birnin Kebbi kusa ce.

Duk inda ka zaɓa, buga waya ka tambaya dalla-dalla: janareta ƙarfe nawa ake kashewa, ko akwai sola? Famfon banɗaki yana kawo ruwa, ko da bokiti za a kawo? Akwai gidan sauro a kan gadon? Girkin abinci fa, an yarda a zo da risho? Ka nemi bidiyon ɗakin na ranar ta WhatsApp, ba tsohon hoto ba. Batun lafiyar hanya kuwa direbobin tasha za ka tambaya, ba mai masauki ba, sannan ka tsara tafiyarka yadda za ka isa da rana tsaka.