Mimorin SanDisk Extreme Pro mai giga 128: yadda na same shi a aikin biki

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo ce a Kano, galibi biki da suna da walima, sai lokacin Sallah in bi hawa. Kyamarori biyu nake fita da su, Nikon D750 don hoto da Sony a6400 don bidiyo, kuma mimorin da ke cikinsu duka SanDisk Extreme Pro ne mai giga 128. Yara masu tasowa a sana'ar nan suna yawan tambayata wane mimori za su saya, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na sani a wuri ɗaya. A taƙaice na yarda da shi, kuma ina ba da shawarar a saye shi. Amma da sharaɗi biyu: ya kasance na asali ne, sannan ka san abin da kyamararka take iya ɗauka kafin ka zuba kuɗinka.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne wurin da abu ke faruwa da sauri. A Hawan Daushe, idan mahaya suka sako dawakai da gudu za su yi jinjina, ba ka da lokacin saita komai, danna maɓalli kawai za ka yi ka riƙe. D750 tana harba hoto shida da rabi a daƙiƙa guda, kowane hoton RAW kuwa, wato ɗanyen hoton da ba a gyara ba, yana kai megabait 25 zuwa 30. Kyamara ba ta zuba su cikin mimori kai tsaye. Tana da 'yar ma'ajiya a cikinta inda take tara su tukuna, sannan ta riƙa tura su. Kamar ɗura man gyaɗa ne a kwalba ta mazurari: in bakin ya yi ƙanƙanta, dole ka dakata da zubawa. Da mimori mai nawa, ma'ajiyar nan tana cika, koriyar fitilar bayan kyamara ta tsaya a kunne, ka danna ta ƙi ɗauka, dokin da kake jira ya wuce. Da Extreme Pro ma ma'ajiyar tana cika in ka matsa mata, wannan halin kyamarar ne, amma tana saurin sakin hannunka. Haka a wurin kamu, lokacin da ƙawaye suka yaye wa amarya mayafi kowa ya taso da guɗa. Abu ne na ƙiftawar ido, kuma ba za a sake maka shi ba.

Sai dai akwai abin da nake so kowa ya gane game da rubutun da ke jikin mimorin. A jikin nawa, babbar lambar da ido ke fara gani ita ce 200 MB/s. Wannan saurin karantawa ne, wato saurin kwashe hotuna daga mimori zuwa kwamfuta. Saurin rubutawa, wanda shi ne ya shafi ɗauka, kamfanin ya ce yana kaiwa megabait 90 a daƙiƙa ga mai giga 128. Ita ma 200 ɗin sai da ridar kamfanin ta musamman, wato 'yar na'urar da ake sa mimori a ciki a jona ta da kwamfuta, ake kusantarta, domin tsarin UHS-I da aka gina mimorin a kai iyakarsa 104 ne a rida ta gama-gari. A ridata nakan ga casa'in da wani abu, kuma ya ishe ni. Da ni ne mai tsara kwalin, da saurin rubutawa zan sa da manyan baƙaƙe, don shi ne mai hoto yake buƙatar sani.

Ƙananan alamomin su ne abin dubawa. Lamba 10 a cikin zagaye mai kama da harafin C tana nufin ba zai gaza megabait 10 a daƙiƙa ba wurin rubutawa. Harafin U mai lamba 1 a ciki shi ma 10 ne, mai lamba 3 kuma 30. V30 talatin ne, sai V60 da V90 sama da shi. Waɗannan alamomi ba kowane kamfani ne ke yanka wa kansa ba. Ƙungiyar SD Association ce ke tsara su, wadda Panasonic da SanDisk da Toshiba suka kafa a shekarar 2000, bayan sun fito da katin SD a 1999. Extreme Pro ɗin da nake magana a kai U3 ne kuma V30.

A bidiyo ne wannan yake fitowa fili. In ka sa a6400 a kan 4K mai megabit 100, ba za ta ma fara ɗauka ba sai ta ga U3 a jikin mimorin. Megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya, don haka megabit 100 in ka raba gida takwas, megabait 12 da rabi ne a daƙiƙa, wato kusan giga 45 a awa. Mai giga 128 zai ba ka awa biyu da rabi da ɗan ɗori. Dina guda in an tsaya jiran ango da jawaban dangi da liƙi tana iya cinye wannan, don haka ba na shiga ɗakin taro ba tare da wani a aljihu ba. Tun da na koma kansa bidiyo bai taɓa yanke mini a tsakiya saboda nawar rubutawa ba.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da mai tsada. Akwai Extreme Pro na UHS-II, za ka gane shi da layi biyu na haƙoran ƙarfe a bayansa maimakon ɗaya, kuma kuɗinsa ya ninka na wannan nesa ba kusa ba. Mimori ne mai kyau ƙwarai ga kyamarar da aka yi dominsa. Amma D750 da a6400 duk layi ɗaya suke karantawa, in ka sa musu shi zai yi aiki da saurin UHS-I ne kawai. Kuɗin da za ka ƙara gara ka sayi batir da shi.

Maganar girma kuwa, ni ban son mimori ɗaya ƙato ya ɗauke mini aikin sati. Na fi son 128 biyu, ko ma 64 uku, a kan 256 ɗaya, don in ɗaya ya ɓata ko ya faɗi a cikin turmutsutsu ba duka bikin ne ya tafi ba. D750 tana da ramin mimori biyu, kuma na saita na biyun ya riƙa kwafe duk abin da na farko ya ɗauka. Wannan saiti kaɗai ya sa nake barci da daddare bayan ɗaurin aure. Mai tsohuwar kyamara kuma ya duba littafinta tukuna. Mimori daga giga 4 zuwa 32 SDHC ne, daga 64 zuwa sama SDXC, wanda sai a 2009 aka fito da tsarinsa. Kyamarorin da suka riga shi ba sa karanta shi, komai kyansa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato jabu. Duk yabon da na yi a sama na asali nake yi wa. Duk mimorin da ya yi suna ana buga na bogi da kamanninsa, kuma masu bugawar sun iya kwali. Wani yarona ya taɓa shigowa shago da murna, ya ce, "Oga, dubi abin da na samu, 256 ne, kuɗin bai kai na 64 ba." A wani shago ya saya, an rantse masa cewa orijina ne. Ya sa a kwamfuta ta nuna masa giga ɗari biyu da wani abu, ya ce ai ga shi nan. Na ce ya kawo mu gwada. Abin da ke cikinsa na gaskiya bai kai giga 16 ba.

Yadda ake yin wannan ha'inci yana da kyau a sani. Kowane mimori yana da ɗan ƙwaƙwalwa a ciki wanda ke faɗa wa kyamara ko kwamfuta girmansa. Masu jabu sukan ɗauki ƙarami su sauya wannan bayani ya riƙa cewa shi babba ne. Ranar farko lafiya lau, hotuna suna shiga suna buɗewa, saboda ba ka wuce girmansa na gaskiya ba. Da ka wuce, sai sababbin su riƙa hawa kan tsofaffi ko su tafi inda babu komai. Sunayen hotunan suna nan a jere, amma in ka buɗe sai toka-toka, ko rabin hoto, ko ya ƙi buɗewa sam. Abin baƙin cikin shi ne ba ka sani sai ka koma gida, kuma irin wannan asara babu manhajar da ke dawo da ita, don tun farko ba a rubuta hoton ba. Ka tuna fuskar uwar amarya in ka je mata da wannan labari. Araha ba ta ado, a nan kam har mutuncin sana'a take ci.

Gwajin ba shi da wuya. Akwai wata 'yar manhaja kyauta mai suna H2testw, wadda aka yi wa mujallar kwamfuta ta Jamus mai suna c't, tana aiki a Windows. Masu Mac ko Linux suna da F3. Cika mimorin take yi da bayanai tun daga farko har ƙarshe, sannan ta dawo ta karanta ta ga ko abin da ta zuba shi ne ya fito. Ga mai giga 128 ka ba ta kamar awa guda. In ta gama za ta nuna maka girmansa na gaskiya da saurin rubutawarsa. Duk sabon mimori sai ya bi ta nan kafin ya shiga kyamarata, ko daga hannun wa na saye shi. Nakan kuma faɗa wa mai shago tun a gaban kanta, "Alhaji, zan je in gwada, in bai cika ba zan dawo da shi, a rubuta mini a rasit." Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan magana. Wanda ya fara kame-kame, sai in yi masa sallama. Wani lokacin ma shi kansa mai shagon bai san jabu aka haɗa shi da shi a sari ba.

Kada dai a zargi mai gaskiya. In ka sa mai 128 kwamfuta ta nuna 119, ko mai 64 ta nuna 59 da ɗigo, wannan daidai ne. Kamfani yana lissafi da dubu-dubu, Windows tana yi da 1024.

Masu neman ƙaramin mimori na waya, abin dubawarku ya ɗan bambanta. In waƙa da karatu da finafinai za a tura maka, duk na asali mai alamar 10 ya wadatar. In kana so ka ɗora manhajoji a kansa, nemi A1 ko A2 a jiki. Mai kyamarar tsaro ta shago ko ta mota ya nemi wanda aka rubuta wa High Endurance, domin an yi shi ne don rubutu da gogewa dare da rana. Ƙaramin mimori a cikin adafta yana aiki a babbar kyamara, amma ni ba na yin aikin kuɗi da shi. Adafta roba ce marar ƙwari, kuma ƙarin mahaɗa ce da za ta iya saki.

Cikin tarkacen da ke tafiya da mimori, rida ce ta farko. Sayi mai USB 3.0, yawanci za ka ga shuɗi a cikin bakinta. Mai 2.0 ba ta wuce megabait talatin da wani abu, za ka kwana kana kwashe bidiyon dina ɗaya. Na biyu ɗan akwatin ajiye mimori mai roba a baki. Lokacin hunturu ƙurar Kano ba ta barin komai, aljihun riga kuma ga zufa ga makulli ga canji. Nawa in mimori ya cika sai in kifa shi a cikin akwatin, in ture ɗan makullin da ke gefensa ƙasa, wanda ke hana rubutu ko gogewa. Ko a duhun ɗakin taro na san wanda zan ɗauka. Na uku 'yar robar hura iska don ramin mimori da gilashi, kada a hura da baki. Batir kuma a samu na ƙari, musamman ga a6400 da batirinta NP-FW50 ƙarami ne. Wannan ma ya shafi mimori, don in batir ya mutu ana tsakiyar rubutawa, bidiyon da ake ɗauka yana iya lalacewa. Saboda haka ne nake kwashe aiki a laftof, ba a babbar kwamfutar da ke mutuwa da an ɗauke wuta ba.

A kyamara nake yi wa mimori fomat, wato goge shi gaba ɗaya, ba a kwamfuta ba, kuma sai na tabbatar aikin yana wuri biyu. In tsautsayi ya sa an goge hotuna, a cire mimorin nan take kada a ƙara ɗaukar ko ɗaya, sau da yawa ana dawo da su da PhotoRec, wadda kyauta ce. A kwalin Extreme Pro ma akan sami lambar sauke manhajar RescuePRO, a adana takardar.

Wanda hoto kawai yake ɗauka jefi-jefi a sutudiyo, ɗaya bayan ɗaya, ba dole ne ya kai ga Extreme Pro ba, mimori na asali mai U1 zai yi masa. Amma in kana karɓar kuɗin mutane ka ɗauki biki, ko kana bidiyon 4K, sayi wannan guda biyu, ka gwada su da H2testw, ka rubuta ranar da ka saya a bayansu da alƙalami marar gogewa.