Na gwada FAOSTAT, ga yadda na gan shi

Jama'a duk mai neman alƙaluman noma ya leƙa FAOSTAT, rumbun bayanai ne na hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya wato FAO mai hedikwata a Roma. Kyauta ne, ko sisi ba za ka biya ba.

Abin da ya burge ni, bayanan tun daga 1961 suke, ƙasashe da yankuna sama da 245, ka zaɓi ƙasa ka zaɓi amfanin gona, shinkafa ce ko alkama, sai ya zubo ma tan nawa aka noma a hekta nawa, ka sauke a Excel abinka.

Amma fa a lura, ba FAO ce ke shiga gonaki tana awo ba, ƙasashe ne ke cike takardun tambayoyi duk shekara su aika mata, in ƙasa ta yi shiru sai a yi ƙiyasi, shi ya sa kowace lamba ke da harafi a gefe, A na hukuma, E ƙiyasi. Da yawa ba sa duba wannan wallahi, kwafa kawai suke.

Alƙaluman bana kam sai ka yi haƙuri, sukan makara fiye da shekara. Kuma a kwamfuta ya fi daɗin aiki, a waya teburin matsewa yake.