Yaya, kada ka sa in aiko da motar dish ɗin nan tukuna

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, ya Inna da jiki, ya yara da makaranta. Saƙonka ya iso, wanda ka ce in duba maka motar da ke juya dish irin wadda ka gani a hoton barandata, ko za ka fara ɗaura wa masu gidajen da kake wa aiki. Na ƙi ba ka amsa a waya ne saboda maganar tana da tsawo, kuma ban so ka zuba kuɗinka a abin da zai zame maka kayan ado.

Bari in fara da abin da ya ba ni mamaki. Ranar da na haɗa nawa, risiba ta nemi in rubuta mata inda nake a doron ƙasa. Hamburg, garin da nake a Jamus, tana wajen digiri 53.5 arewa, 10 gabas. Kano kuwa 12 arewa, 8.5 gabas. Ashe kusan a layi ɗaya muke da ku, ni dai na hauro sama ne kawai. Amma wannan haurowar ita ce komai. Taurarin talabijin duk a jere suke a kan tsakiyar duniya, nisan kilomita 35,786, to ku da kuke kusa da tsakiyar, tauraron da ke kudu da ku yana sama da kai, wajen digiri 76. Ni a nan digiri 29 kacal. Shi ya sa dish ɗin Turawa yake tsaye kamar yana leƙen gidan maƙwabci, bishiya ɗaya ta isa ta tare shi, naku kuwa yana kwance kamar faifan shanya kuɓewa, ruwan sama har taruwa yake a ciki.

Motar da ake sayarwa a nan ƙarama ce, ba ta da wayar wuta tata. Wayar nan guda ɗaya da ke zuwa LNB, ɗan kan nan da ke gaban dish mai karɓar sigina, ita ke kai mata wuta, ita ke kai mata umarni. Yaren da suke magana da shi sunansa DiSEqC, kamfanin Eutelsat ne ya ƙirƙiro shi, kuma wata ƙara ce mai kilohaz 22 da ake kunnawa ana kashewa a cikin wayar. Na 1.0 ɗin ka san shi, shi ne ɗan akwatin da kake haɗa LNB huɗu da shi. Na 1.2 shi ke tuƙa mota. A wannan tsarin kai za ka tura dish da rimot a hankali har hoto ya fito, ka ce wa motar ta riƙe wurin a matsayin lamba ɗaya, ka matsa gaba ka ba na biyu lamba biyu. Ma'ajiyar tana cikin motar, risiba lambar kaɗai ta sani. In motar ta mutu, aikinka na yini guda ya bi ta.

Sai wani kamfanin Italiya mai suna STAB ya fito da USALS. Wannan ba ya ajiye komai a mota. Ka ba risiba lambobin garinku, ita za ta yi lissafi ta ce wa motar juya digiri kaza gabas. Da shi nake tashi daga Astra a 19.2 gabas, inda tashoshin Jamusawa suke, in koma Hot Bird a 13, in leƙa Astra ta Ingila a 28.2, ban taɓa saita ko ɗaya da hannu ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma ba ya yafiya: ƙarfen da aka ɗaura motar ya miƙe sak, sifilin motar kuma ya kalli kudu na gaskiya. In ka kuskure kaɗan, na tsakiya za su kama, na gefe su ɓace.

Inda na ce lallai mutanen nan sun huta shi ne wajen manhaja. Risibata irin mai Linux ce, tsarin da ke cikinta ana ce masa Enigma2, shi ne a cikin Dreambox da Vu+ da danginsu. Tana haɗe da intanet ɗin gida, sai in buɗe ta a wayata ta OpenWebif, wato shafin sarrafa risiba, ina tsaye a baranda da sifana a hannu ina kallon ƙarfin sigina yana hawa yana sauka. Na tuna lokacin da kake kan rufin kwano da rana tsaka, ni ina tsakar gida ina kwarara ihu, ya kawo, ya ɗauke, dawo baya kaɗan, Inna tana faɗa za mu fasa mata rufi. A kwamfuta kuma akwai dreamboxEDIT. Da ita nake janyo jerin tashoshi gaba ɗaya daga risiba, in goge na banza, in tara na labarai wuri ɗaya, na yara wuri ɗaya, in mayar. Sunayen taurarin da mitocinsu suna cikin fayil guda da ake kira satellites.xml. Duk saitin, har da na motar, ana iya kwafe shi a filas.

Na ga amfanin wannan ranar da na ɗora wa risibar sabuwar manhaja ta tashi fayau, ba tasha ko ɗaya. Uwargida ta harare ni, yara suka fara ƙunƙuni. Na soka filas, kafin shayi ya huce komai ya koma yadda yake. Ka auna da abin da ke faruwa a wajenka in yaro ya danna rimot ya goge dikoda: sai an kira ka, ka hau mashin ka ratsa gari, ka zauna kana shigar da mita ɗaya bayan ɗaya daga littafin nan naka da ya sha maiƙo.

Amma fa kada ka ɗauka nan aljanna ce. Kaya da araha da inganci, in ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka ba da dalili ba, doka kuma ta ɗora wa mai sayarwa alhakin shekara 2 in kayan ya zo da aibi. Mutum ne babu. Wata iska ta hunturu ta murɗa min motar a jikin ƙarfe, abin da bai kai faɗin yatsa ba, kuma wannan ba manhajar da ke gyara shi. Na kira wani kamfani, suka ba ni rana sai bayan mako uku, kuɗin zuwa daban, kuɗin kowace awa daban. Da ya zo ya ga mota ce, ya ce su Astra kaɗai suke saitawa, dish tsayayye. Kuɗin zuwan kuwa sai da na biya. Ni na gyara abina da sifana da waya. Wallahi Yaya, abin da ke cikin kanka da a nan kake da ka yi gida. Ga kuma mai gida, wanda sai da izininsa za ka huda bango. Kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke a 1994 cewa baƙo ɗan haya yana da haƙƙin kallon tashoshin ƙasarsu, amma yanzu masu gidaje sun samu bakin cewa ai akwai intanet. Nawa a kan ƙafa yake a baranda, na danne da bulo, ban huda komai ba. Kuɗin talabijin na gwamnati kuma, Yuro 18.36 duk wata, ko ka kalla ko ba ka kalla ba.

To ga dalilin da na ce ka dakata. Waɗannan ƙananan motocin an yi su ne don dish ɗin da bai wuce mita 1.2 ba, kuma mutanenka da ke son Nilesat a 7 yamma da Badr a 26 gabas don tashar Makka manyan farantai suke ɗaurawa. Babban dish sai jak, wato sandar ƙarfe mai tura shi, mai wutar bolt 36, da akwatin da ke karɓar umarnin DiSEqC daga risiba ya tuƙa jak ɗin. Shi akwatin ƙirga bugun wani ɗan maganaɗisu yake yi don ya san inda dish ya kai. In NEPA ta ɗauke yana tsakiyar tafiya, ƙirgar na iya ɓacewa, duk taurarin su goce tare, sai an mayar da shi sifili. A nan ba wanda ke tunanin wannan matsalar, kai kuwa kullum ce. Sannan sikelin da ke gefen motar, inda ake saita digirin arewa na gari, dole in tabbatar ya sauko har 12 na Kano kafin in saya.

Abin da zan sa a kayan da za a kawo da sallah: risiba ɗaya mai Enigma2, akwatin tuƙa jak ɗaya, da tsohuwar kwamfutata da na riga na zuba wa manhajar. Ka gwada a dish ɗin gidanmu tukuna, kowane gida da ka gama wa aiki ka kwafe saitinsa da sunan unguwa. Ka auno min faɗin dish ɗin da tsawon jak ɗin da ke jikinsa, ka ɗauko hoton bayansa inda ya haɗu da ƙarfe. A gaida Inna, a ce mata man zafin yana cikin jakar.